Muhawara: Gigin tsufa ciwo ne, ko shekaru ne kawai?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masu sani da iyayenmu da ke wannan zaure su taimaka mini da haske. Uwar mijina ta haura tamanin, a wurinmu take zaune. Tun bara al'amuranta suka fara canzawa. Sai ta ci tuwo ta wanke hannu, maƙwabciya ta shigo gaishe ta, ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Ta ƙulle kuɗinta a bakin zane ko ta tura ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce yarinyar da ke taya ni aiki ce ta ɗauka. Da an kira magariba kuwa sai ta ɗaure ƙunshin kayanta ta tsaya a bakin ƙofa, wai a kai ta gida, innarta na jiranta, alhali innar ta rasu tun mijina yana goye. Dangi sun kasu uku. Wasu sun ce tsufa ne, a yi haƙuri. Wasu sun ce iska ce, tunda da magariba abin ke tashi. Wata kuma ta fara raɗa cewa ni ce nake hana ta abinci. Wannan ciwo ne da ake kaiwa asibiti, ko haka duk wanda ya yi tsawon rai yake ƙarewa?

Abban Sadiq:
Allah ya ba ki ladan jinya. Ni dai a ganina tsufa ne, kuma tsufa ba shi da magani. Haka kakarmu ta yi kafin ta rasu, ba mu kai ta ko'ina ba. Wahalar da tsohuwa da layin asibiti ba shi da amfani. Ki yi ta haƙuri, aljannarki ce.

Sista Rabi:
Abban Sadiq, ka yi haƙuri, a nan ban yarda da kai ba. Aikin jinya nake yi, kuma wannan maganar ta "tsufa ne" ita ce ta fi komai cutar da tsofaffinmu. In da shekaru ne kaɗai ke kawo wannan, da duk ɗan tamanin ya rikice. Amma kowa a nan ya san tsoho mai shekara casa'in da zai lissafa maka iyakar gonakin unguwa tun daga kakanni, bai tsallake ko ɗaya ba.

Mantuwar da shekaru ke kawowa daban take. Mutum ya manta inda ya ajiye carbi, ko sunan wani ya kwanta masa, jim kaɗan ya tuna. Hankalinsa na nan, saurin ne ya ragu. Amma wanda ya ci abinci ya manta ya ci, ya ɓace a layin da ya yi shekara hamsin yana bi, ya yi sallar azahar raka'a bakwai, ya kira ɗansa da sunan ƙaninsa da ya rasu, wannan ƙwaƙwalwa ce ta kamu da ciwo. Ƙwayoyinta ne suke mutuwa a hankali. Kuma ɓangaren da ke ajiye sabon abu shi ke fara lalacewa, shi ya sa Hajiya take tuna innarta sarai amma ba ta tuna tuwon da ta ci ɗazu. Ba ƙarya take miki ba, Maman Ilham, a wurinta da gaske ba ta ci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke da wannan ciwon mantuwa a duniya, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki irin namu, don haka ba ciwon Turawa ba ne. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayaninsa a 1906, har ake kiran ciwon da sunansa. Na biyu kuma, wanda nake yawan gani a wurinmu, shi ne na jijiyoyin jini: hawan jini da ba a kula da shi ba ya riƙa toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, ko bayan shanyewar ɓarin jiki.

Rikicewar magariba ma sananniya ce a wurin masu wannan ciwon a ko'ina a duniya. Haske ya ragu, gajiyar yini ta taru, gida ya cika da hayaniyar yara da girki, sai tsoro ya kama su. Ki kunna mata fitila tun kafin duhu ya shiga, ki ba ta wani abin yi a hannu. In ta ce a kai ta gida, kada ki ce mata "ai Inna ta rasu", domin duk lokacin da kika faɗa, sabuwar mutuwa ce a wurinta. Ki ce ta zauna ta sha kunu tukuna, ki tambaye ta labarin gidan nasu.

Abban Sadiq:
To Sista, in an kai ta warkewa za ta yi?

Sista Rabi:
In Alzheimer ne, a'a, babu maganin da ke warkar da shi. Akwai dai wanda ke ɗan sassauta alamun na wani lokaci. Amma ga dalilin zuwa: ba duk rikicewa ce wannan ciwon ba. Tsohon da jiya lafiyarsa ƙalau, yau ya tashi yana sambatu bai gane kowa ba, wannan ba gigin tsufa ba ne, gaggawa ce. Sau da yawa ciwon sanyin mafitsara ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko suga ya faɗi, ko ruwan jiki ya ƙare saboda zafi, ko wani magani da aka ba shi. A yi maganin wannan, hankali ya dawo. Akwai kuma ƙarancin sinadarin bitamin B12, da matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa, musamman ga wanda abokin zamansa ya rasu. Duk waɗannan suna kama da mantuwa, kuma duk suna da magani. Wa zai bambance in ba a duba ba?

Malam Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Abin da Sista ta faɗa bai saɓa wa addini ba ko kaɗan. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, cewa daga cikin mutane akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ku lura, "daga cikinku akwai" aka ce, ba kowa ba. Kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga wannan hali.

Game da iska, ba na hana a yi wa mara lafiya addu'a da karatu, alheri ne. Abin da nake hanawa shi ne a danne tsohuwa mai shekara tamanin ana ɗura mata hayaƙi a hanci, ana yi mata tsawa wai aljani ya fita. Wannan cutarwa ce. Sannan wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Kada a tsananta mata a kan raka'o'i. In ta ji kiran salla ta tashi, a taimaka mata ta yi yadda ta iya, domin zuciyarta ta saba da shi kuma yana kwantar mata da hankali. Wadda kuma take yaɗa cewa kina hana ta abinci, ta ji tsoron Allah, ta zo ta kwana biyu a ɗakin ta gani da idonta.

Baba Hedimasta:
Ku ba ni dama in sa baki, tunda maganarmu ake yi. Na wuce saba'in da biyar, jikata ce take taya ni da wannan waya, ni nake faɗa tana rubutawa. Alhamdu lillahi hankalina na nan. Amma ina so ku ji abin da ba kwa tambayarmu.

Kunnena ya yi nauyi. In mutum ɗaya yana magana a gabana ina ji, in an taru ana hira sai ya zama mini guna-guni. Na ce "me?" sau ɗaya, sau biyu, na uku sai in ga an gaji, a ce "ba komai Baba". Daga nan sai in yi shiru. Yara suka fara cewa Baba ya daina son magana, wata ma ta ce ko na fara rikicewa. Ban rikice ba, ji ne ba na yi. Kuma ɗaga murya ba ya taimakona, ƙara rikita sautin yake. Ka fuskance ni, ka yi magana a hankali in ga bakinka, shi ke nan.

Na biyu, majalisarmu. Mu tara ne muke zama a gindin darbejiyar ƙofar masallaci bayan la'asar, yanzu mu uku muka rage, ɗaya kuma ƙafa ta hana shi fitowa. Ku matasa kuna ganin mutuwar tsoho abu ne da aka saba. A wurinmu kuwa, duk wanda ya tafi ya tafi da wanda zai ce maka "ka tuna?" Ba wanda ya rage da zai kira ni da sunan da aka raɗa mini. Kowa Baba, kowa Malam.

Na uku shi ne ya fi mini ciwo. A kai ni asibiti, likita ya kalli ɗana ya ce "me ke damun shi?" ga ni zaune. A yanke maganar auren jikata, sai an gama a zo a sanar da ni wai don kada a wahalar da ni. Na shugabanci makaranta, na raba faɗan malamai da iyaye, yau an ga shawarar sadaki ta fi ƙarfina. Ciyarwa kam ana ciyar da ni, sutura ba abin da na rasa, Allah ya yi musu albarka. Amma mutum ba cikinsa kaɗai yake da shi ba.

Maman Ilham:
Baba, wallahi maganarku ta shige ni. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Abban Sadiq:
Baba, Allah ya ja da rai. Amma ku dube mu ma. Mahaifina na ƙauye, ya dage sai ya je gona, ga ciwon gwiwa. Na ɗauko shi na kawo shi Kaduna, na ware masa ɗaki da fanka da talabijin, na ce ya huta, ya yi mana wahala ya isa. Mutane ma zagina za su yi in suka ga ubana da fartanya ina da hali. Laifi na yi?

Baba Hedimasta:
Ɗana, niyyarka mai kyau ce, Allah ya ba ka lada. Amma ka tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ya fi son ɗakin ko ya fi son gonar? A garinsu shi ne ake zuwa wa in iyakar gona ta rikice, shi ke karɓar auren marayu, ya san wanda ya haihu da wanda ya rasu. A gidanka kuwa baƙo ne mai jiran a kawo abinci. Da ka sa masa 'yan ƙwadago su yi noman, shi ya riƙa zuwa da sanyin safiya yana dubawa yana ba da umarni, da ka hutar da shi ba ka raba shi da kansa ba. Maganar mutane kuwa, ba su za su kwana da kewar ba.

Dakta Bature:
Ina goyon bayan Baba, kuma ta fuskar jiki ma haka abin yake. Naman jikin ɗan Adam yana raguwa da shekaru, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan sittin. Abin da ke riƙe shi shi ne motsi da abinci mai gina jiki. Tsohon da aka zaunar, cikin 'yan watanni cinyoyinsa ke saki, tashi daga tabarma ya gagare shi, sai a ce ga shi tsufa ya kama shi, alhali zaman ne ya kama shi. Tafiya masallaci sau biyar a ƙafa, sharar tsakar gida, ba dabbobi ruwa, tsinkar zogale, duk magani ne. Haka abinci. Haƙora sun zube, sai a bar tsoho da koko da kunu safe da dare. Yana buƙatar wake da aka dafa ya yi laushi, ƙwai, nono, kifi, dakakken nama a miya.

Abin da nake tsoro shi ne faɗuwa. Ƙashi yana yin sakayau da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Tsohuwa ta zame a makewayi, ƙashin ƙugu ya karye, a kira mai ɗori, a kwantar da ita wata da watanni, daga nan gyambon kwanciya da ciwon huhu su biyo baya. Karayar ƙugu aikin asibiti ce. Rigakafinta kuma ba tsada: a kafa ƙarfe ko icen kamawa a bangon ban ɗaki, a samo kujerar zama mai rami ga wanda tsuguno ya gagara, a bar fitila a hanyar fita da dare, a kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe. Ga mai ciwon gwiwa kuma, a daina saya masa Diclofenac da Ibuprofen a kemis yana sha kullum, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Maganar kunnen Baba ba ƙarama ba ce. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya fitar da rahoto a 2024, ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa. A ciki akwai rashin ji, da raunin gani, da hawan jini, da ciwon suga, da taba, da rashin motsi, da kaɗaici. Akwai kuma wani bincike da aka fara a 1992, aka kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanafolis. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna yawan masu kamuwa a Ibadan bai kai rabin na can ba. Masu binciken sun karkata ga bambancin abinci da cututtukan jijiyoyin jini. To yanzu mu ma hawan jini da suga sun cika gari. Duk ɗan arba'in da ke wannan zaure, in yana son hankalinsa a saba'in, ya je a auna jininsa yau, in an ɗora shi a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi.

Hajiya Ta Maraɗi:
Dakta ya ambaci gani, bari in tsaya a nan. A wajenmu tsoho in ido ya yi fari sai a ce shi ke nan, a ba jika sanda ya riƙa jansa, yaron ma ya bar makaranta. Ko kuma a jira masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwantar da yanar ido da allura. Yayar mahaifiyata haka aka yi mata, ta ga haske kwana kaɗan, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya. Ɗayan idon aka yi mata aiki a asibiti, har ta koma tana zura zare a allura da tabarau.

Dakta Bature:
Hajiya kin taɓo wuri. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na waɗanda suka kai arba'in zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 na makantar. Aikinta bai kai awa guda ba, a cire ƙwayar da ta dushe a sa ta roba. Kwantarwa da allura kuwa tura ƙwayar ake yi cikin ido a bar ta a can, shi ya sa ƙarshenta ke yin muni. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, da wasu da yawa. Hawan jinin ido ne mai ban tsoro, domin ba ya ciwo, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Ɗan Zangon Tamale:
Salam. Ni abin da ya tsaya mini shi ne maganar iska da aka fara yi wa Hajiyar Maman Ilham, domin daga iska ake wucewa zuwa maita. A nan arewacin Gana muna da sansanonin da ake kai matan da aka zarga, kamar na Gambaga da Kukuo da Gnani, kuma yawancinsu tsofaffi ne, zawarawa, marasa mai tsaya musu. A watan Yulin 2020, a garin Kafaba kusa da Salaga, aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, duka har ta mutu a gaban jama'a, ana ɗauka a waya. Majalisa ta zartar da dokar hana zargin maita a 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Ku yi tunani: tsohuwar da ta fita da dare ta ɓace, aka tsince ta da asuba a bayan gidan wani ba ɗankwali, tana surutai, aka tambaye ta "ke kika kama yaron?" ta ce "e". Mai ciwon mantuwa ai duk abin da ka tambaye ta za ta iya amsawa.

Hajiya Ta Maraɗi:
Kada mu ce a can ne kawai. Mu ma yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ya ambaci sunan tsohuwar maƙwabta, sai a taru a ce ta kama kurwarsa, a tilasta mata ta tsallaka shi. Ba a taɓa yi wa uwar mai kuɗi haka ba. Kullum wadda ba ta da ɗa namiji a kusa ce.

Umman Khalifa:
Ina ta karantawa, an yi maganar tsofaffi, an yi maganar likita, ba wanda ya tambayi Maman Ilham yaushe rabonta da barci. Mu faɗi gaskiya: in an ce "mu Hausawa ba ma yar da iyayenmu", wa ake nufi da "mu"? Mace ɗaya ce a cikin gida, ko suruka, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jika budurwa da aka cire daga makaranta. Ita ke wanke zanen fitsari, ita ke juya mara lafiya da tsakar dare, ita ke shan zagi in tsohuwa ta rikice. 'Ya'ya maza su turo kuɗi ta waya, ranar salla su zo da shadda su durƙusa a sa musu albarka, in sun ga Hajiya ta rame su hau faɗa. Faccaloli kuwa kowacce ta ce gidanta ba wuri.

Abban Sadiq:
Haba Umman Khalifa, kuɗin da ake turowa ba daga sama yake faɗowa ba. In na bar aiki na zauna jinya, wa zai sayi maganin?

Umman Khalifa:
Ba wanda ya ce ka bar aiki. Amma daren Asabar fa? Wankan mahaifinka fa, da ya fi son ɗansa ya yi masa a kan matar ɗansa ta ga tsiraicinsa?

Malam Na Tudun Wada:
Umman Khalifa tana da hujja. Umarnin da ke Suratul Isra'i aya ta 23, cewa idan ɗayan iyaye ko dukansu suka tsufa a wurinka kada ka ce musu ko "tir", ɗan da aka haifa aka fuskanta da shi. Hidimar da suruka take yi wa uwar miji kyautatawa ce, tana da lada mai girma, amma ba bashi ba ne a kanta. Miji ya san alfarma ake yi masa, ya gode, ya sa hannu. 'Yan uwa su zauna su raba: wane kuɗin magani, wance kwana biyu a mako, wane kai wa asibiti. In da hali a ɗauki mai taya jinya a biya ta. Mai jinyar da ta gaji har ta ƙosa, bakinta zai furta abin da ba ta so, kuma waɗanda suka bar ta ita kaɗai suna da kaso a laifin.

Ɗan Zangon Tamale:
To in ba 'ya'yan fa? Ko suna nan amma su ma abin da za su ci ya gagara? Ba gara gidan kula da tsofaffi ba?

Hajiya Ta Maraɗi:
Allah ya kiyaye. Ka kai wadda ta haife ka gidan gajiyayyu? Da wane ido za ka kalli mutane?

Sista Rabi:
Hajiya, ni ma ba zan kai tawa ba. Amma tsofaffin da muke gani a bakin masallatan Juma'a da kan titi da ƙoƙon bara, su ma wani ya haifa ko su suka haifi wani. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano domin irinsu aka yi shi, kuma ya fi kwanan kasuwa. Abin da muka fi buƙata ma ba gidan kwana ba ne, ma'aikatan lafiya ne da za su riƙa bin tsofaffi gida, da likitocin da suka ƙware a kansu. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar farko da aka gina musamman domin lafiyar tsofaffi a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Tafiyar tana da sauran nisa.

Baba Hedimasta:
Kuma ku tuna yawancin tsofaffinmu ba su da fansho. Ni da na yi aikin gwamnati, a zamaninmu ka'ida ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ka ajiye, ko yaya dai akwai abin da kake sa rai a ƙarshen wata. Manomi fa? Mai faskare, mai dakau, mai ƙosai a bakin hanya? Ranar da ƙarfinsu ya ƙare ranar samunsu ya ƙare. Unguwa ta san su. Masu fitar da zakka su fara dubawa ta nan kafin su kai nesa.

Auta:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya da ta jiɓanci wannan. Mahaifinmu ya fara irin wannan mantuwar, likita ma ya tabbatar. Kwanan nan muka ji wani daga cikin yayyenmu ya kai masa takarda ya dangwala, wai ya ba shi filin bakin titi kyauta. Baba kuwa in ka tambaye shi yau ya ce ya bayar, gobe ya ce wane fili. Wannan kyautar ta yi?

Malam Na Tudun Wada:
Sharaɗin kyauta da ciniki da duk wani ƙulli shi ne hankali. Wanda ba ya riƙe abin da ya faɗa daga safe zuwa yamma, dangwalensa ba ya halatta wa kowa dukiyarsa, kuma wanda ya ci ta wannan hanya haram ya ci, ko da takarda a hannunsa. Amma fa a kula, ba da an ce mutum ya fara mantuwa ba ne shi ke nan a ƙwace masa komai. A farkon ciwon mutane da yawa suna gane abin da suke yi, kuma dukiyarsa tasa ce tunda yana raye, ba gado ba ce. Ku fara da manyan dangi, a kira yayan naku a yi masa nasiha a rufe. In ya ƙi, ku je gaban alƙali da takardar likita da shaidun da suka san halin da mahaifinku yake ciki a lokacin da aka yi dangwalen. Alƙali ne ke da ikon naɗa amintaccen da zai kula da dukiyar, a riƙa ciyar da mai ita da yi masa magani daga ciki.

Baba Hedimasta:
Shi ya sa nake gaya wa sa'o'ina, a yi abin nan tun da sauran hankali. Ni na sa an rubuta bashin da ake bina da wanda nake bi, da iyakar gonata, da wanda na yarda ya riƙa karɓar mini fansho in na kasa zuwa, liman da mai unguwa suka sa hannu, kowane ɗa ya ji da kunnensa. Malam, wasiyya kuma ai ba ta wuce sulusi, ko?

Malam Na Tudun Wada:
Haka ne Baba, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince. Auta, kafin ku je ko'ina, ku nemi likitan ya rubuta muku ranar da ya fara ganin mahaifinku da abin da ya samu a lokacin, domin ita ce tambayar farko da alƙali zai yi muku.